Tambaya da Amsa: Daga ina kalmar "weight" ta fito, kuma me ya kawo "gh" cikinta?

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ina koyar da fiziks a sakandare. Duk shekara ɗalibai sai sun tambaye ni dalilin rubuta "gh" a cikin "weight" alhali ba a furta shi. Wani abokin aikina ya ce ai kalmar Jamusanci ce Turawan Ingila suka aro. Haka ne? Kuma ko asalinta yana da wata alaƙa da ma'anarta a fiziks?
Daga wani malami, Zariya.

AMSA: Wa'alaikumus salam, Malam. Abokin aikinka ya kusa, amma da saura. Ingilishi bai ari wannan kalma daga Jamusanci ba, su biyun gadonta suka yi daga kaka ɗaya. Ingilishi, Jamusanci, harshen Holan da harsunan Danmak, Norwe, Siwidin da Aisland duk 'yan ɗaki ɗaya ne, masana na kiransu dangin Jamanik. Sunan ne ke rikita mutane, sai su ɗauka Jamusanci ne uban sauran. Kamar dai a ce Hausa da Bolanci da Ngizim suna cikin dangin harsunan Chadi, wani ya fassara cewa daga ƙasar Chadi aka aro Hausa. Ƙabilun da suka kai harshen tsibirin Birtaniya, wato Angul da Sakson da Jut, sun tsallaka ne a ƙarni na 5 daga yankin da yau yake arewacin Jamus da Danmak, kuma da kalmominsu suka tafi.

A tsohon Ingilishi, wanda aka yi magana da shi kafin Normandawa, mutanen arewacin Faransa, su ci Ingila a 1066, kalmar "wiht" ce ko "gewiht". Ajiye ta kusa da "Gewicht" ta Jamusanci da "gewicht" ta Holan, za ka ga kamannin bai ɓuya ba. Ɗafin "ge" na goshi ne ya lalace a bakin mutanen Ingila har ya ɓace, su kuwa 'yan uwansu suka riƙe shi.

Wannan suna an cire shi ne daga aikatau "wegan", wanda ya zama "weigh" a yau. Abin da ya fi muhimmanci ga darasinka shi ne ma'anar farko ta "wegan": ɗauka, ɗagawa, kai kaya daga nan zuwa can. Ma'anar aunawa daga nan ta tsiro, kuma Bahaushe ba ya buƙatar dogon bayani a kan hanyar. Kafin ka kai buhu kan sikeli, kakan jinjina shi ka ji. Ɗagawar ita ce awon farko. Tsohuwar ma'anar ta rage a bakin matuƙa jirgin ruwa: idan suka ce "weigh anchor", ba auna ƙarfen da ke tsayar da jirgi suke nufi ba, ɗago shi suke nufi don a tashi.

Sai batun "gh". Ba ado ba ne, sauti ne da ya mutu ya bar kabarinsa a rubutu. Harafin "h" na "wiht" ana furta shi a da, da wani sauti mai gogar ganɗa, kusa da harafin kha na Larabci sai dai ya fi shi laushi. Bayan zuwan Normandawa, marubuta sun yi ta gwada hanyoyin rubuta shi har aka tsaya a kan "gh". William Caxton ya kafa injin buga littafi na farko a Ingila a 1476, rubutun kalmomi ya fara daskarewa, shi kuwa sautin ya ci gaba da zaizayewa har ya fita daga bakin mutanen kudancin Ingila tsakanin ƙarni na 15 da na 17. A wasu kalmomi ya ɓace ɗungurungum, a wasu ya rikiɗe ya koma "f", shi ya sa "laugh" da "rough" da "enough" suke ƙarewa da sautin da ba ya cikin rubutunsu.

Hujjar ba ta da wuyar nunawa a allo. Rubuta "light", "night", "right", "eight" a gefe ɗaya, a ɗaya gefen ka rubuta "Licht", "Nacht", "Recht", "acht". Inda Ingilishi ya yi shiru a kan "gh", Jamusanci yana furta "ch". Karin harshen Sikotland ma bai yar da sautin ba: a can ana cewa "licht" da "nicht", nauyi kuma "wecht".

Akwai ɗan ƙulli ɗaya. Da "wiht" ta bi hanyar da "niht" da "riht" suka bi, da yau "wight" ake cewa, mai amo ɗaya da "night". Wasalin ya karkata ne saboda jan da aikatau "weigh" ya yi masa, da kuma tasirin kalmar mutanen Sikandinebiya da suka zauna a arewa da gabashin Ingila tun ƙarni na 9.

Idan aka ƙara tono, saiwar ta wuce dangin Jamanik. Masana sun gano ta ta hanyar kwatanta harsuna, suna rubuta ta *wegh-, da alamar tauraro a gaba don nuna cewa ba a same ta a rubuce ba, hasashe ne mai hujja. Ma'anarta tafiya ko ɗaukar kaya a abin hawa. Daga gare ta Ingilishi ya sami "way", hanya, da tsohuwar kalmar "wain", amalanke. "Wagon" kuwa daga Holan aka aro ta a ƙarni na 16. A Jamusanci akwai "Weg", hanya, "Wagen", mota ko keken doki, wadda ke cikin sunan Volkswagen, da "Waage", ma'auni, da "bewegen", motsa abu. A reshen Latin saiwar ta ba da "vehere", ɗauka, wadda ta haifi "vehicle" da "convection" da "vector". Ita "vector" ma'anarta a Latin mai ɗauka, kuma William Rowan Hamilton, masanin lissafi na ƙasar Ayaland, shi ya ba ta ma'anar da kake koyarwa, wato abu mai girma da alƙibla, a shekarun 1840. Saboda haka duk ranar da ka ce wa ɗalibai nauyi "vector" ne, kalmomi biyu daga saiwa ɗaya ka haɗa, ɗaya ta biyo ta arewacin Turai, ɗaya ta biyo ta Rum.

Alaƙa da fiziks kuwa akwai ta, kuma tana da amfani a aji: "weight" shi ne abin da hannu ke ji in ya ɗaga, wato ƙarfi ne. Amma kada ka wuce nan ka ce asalin kalma ne ya yanke ma'anarta ta kimiyya. Yarjejeniya ce ta yanke. A 1901, Babban Taron Ma'aunai na Duniya karo na uku ya zartar cewa kalmar tana nufin abu mai ɗabi'ar ƙarfi, ya kuma tsayar da mita 9.80665 a daƙiƙa cikin kowace daƙiƙa a matsayin ma'aunin jan ƙasa na bai ɗaya.

TAMBAYA: Ni ɗalibar ajin ƙarshe ce. Malaminmu ya ce "mass" daban, "weight" daban, amma da Hausa duk nauyi muke cewa. Yaya zan rarrabe su kada in faɗi a jarrabawa?
Daga wata ɗaliba, Katsina.

AMSA: 'Yata, ba Hausa kaɗai ke haɗa su ba. Baturen Ingila ma in ya hau sikeli a asibiti "weight" yake cewa, kuma a kilo ake gaya masa, wanda a ƙa'idar fiziks kuskure ne. Asalin kalmomin zai taimake ki riƙe bambancin. "Mass" ba ta cikin gadon Jamanik. Ta shigo ta Faransanci daga "massa" ta Latin, curin ƙullu, ita kuma daga "maza" ta Girkanci, wainar sha'ir. Ki tuna da curin fura: "mass" yawan abin da aka cura ne, "weight" kuma yadda ƙasa ke jan curin.

Isaac Newton ya buɗe babban littafinsa na 1687, wanda ya rubuta da Latin, da bayanin yawan abin da ke cikin jiki, ya ware shi daga nauyi. Wannan yawan ana auna shi da kilogiram, kuma ba ya sauyawa ko ina aka kai abu. Nauyi ana auna shi da niyuton, ana samunsa ta ninka kilogiram da ƙarfin jan wurin da abin yake. A doron ƙasa, abin da aka saki yana ƙara sauri da kimanin mita 9.81 a daƙiƙa cikin kowace daƙiƙa. A duniyar wata, 1.62 ne. Buhun shinkafa mai kilo 50 nauyinsa niyuton 490 da ɗoriya a nan, a wata kuwa niyuton 81. Shinkafar ba ta ragu da ƙwaya ɗaya ba.

Kurakuran da ke cinye maki sanannu ne. Na farko, a ba ki giram 500 ki ninka kai tsaye da 10, ki sami 5000. Sai kin mayar da shi kilo 0.5 tukuna, amsar niyuton 5 ce. Na biyu, rubuta amsar nauyi da kilogiram. Na uku, amfani da 9.8 alhali takardar ta ce a ɗauki 10, kamar yadda tambayoyin WAEC suka saba. Ki karanta abin da aka ba ki kafin ki taɓa kalkuleta.

Wanda ya fi waɗannan wahalar kamawa shi ne ɗaukar abin da sikeli ya nuna a matsayin nauyin gaskiya. Sikeli turawar da ake yi masa yake ji. Mutum mai kilo 60 in ya tsaya kan sikeli cikin lif, lif ɗin ya fara tashi yana ƙara sauri da mita 1 a daƙiƙa cikin kowace daƙiƙa, sikelin zai nuna kusan 66. In ya fara sauka da wannan ƙarin saurin, zai nuna kusan 54. Haka 'yan sama jannatin da ke tashar sararin samaniya, kimanin kilomita 400 daga ƙasa: jan ƙasa a can bai gaza kashi 88 cikin ɗari na nan ba. Suna shawagi ne saboda su da tashar duk faɗuwa suke tare suna kewaya duniya, babu daɓen da zai tura ƙafarsu.

Gwajin da za ku iya yi a aji: ku rataya dutsen kilo ɗaya a ma'auni mai sifirin, ku karanta. Sai ku nutsa dutsen cikin bokitin ruwa ba tare da ya taɓa gindin bokitin ba. In dutsen irin na fa ne mai tauri, girmansa zai kai kimanin mililita 370, ma'aunin zai sauko zuwa wajen giram 630. Ruwan ne ke tallafe da sauran. In dutsen ya taɓa gindi ko gefen bokiti, karatun ya ɓaci.

Wani abu kuma: a daina kiran jan ƙasa "maganaɗisun ƙasa". Maganaɗisu ƙarfe yake ja, ba ya jan tuwo. Jan ƙasa kuwa ba ya zaɓe.

TAMBAYA: Na lura "awo" da "auna" na Hausa suna kama da "weigh", kuma ma'anarsu ɗaya. Ba za a ce dangi ne ba?
Daga wani mai karatu, Maraɗi.

AMSA: A'a, Malam, haɗuwa ce kawai ta kan hanya. Hausa tana cikin babban gidan harsunan Afirka da Asiya tare da Larabci da Ibrananci da Buzanci, Ingilishi kuma yana gidan harsunan Indiya da Turai. Tambayarka ta ba mu damar faɗin yadda ake wannan bincike, don kamannin kunne shi ne babban tarkonsa.

Ana farawa da neman mafi tsufan siffar kalmar a rubuce, ba yadda take a yau ba. Da zarar ka koma "wegan", da "g" a tsakiyarta, kamannin da "awo" ya watse. Daga nan sai a jera ta da takwarorinta a harsunan da aka riga aka san 'yan uwa ne. Sannan a duba ko bambancin sautin yana bin ƙa'ida, wato yana maimaita kansa a kalmomi da yawa. A ƙarshe a ga ko hanyar ma'anar tana shiga hankali. Mataki na uku shi ne alƙali.

Misalinsa: Rasmus Rask na Danmak a 1818, sannan Jacob Grimm na Jamus a 1822, sun nuna cewa baƙaƙen dangin Jamanik sun gusa gaba ɗaya a kan tsari. Inda Latin ke da "p", Ingilishi yana da "f": "pater" da "father", "piscis" da "fish". Inda Latin ke da "t", akwai "th": "tres" da "three". Tsohon sautin "gh" irin na saiwar *wegh- kuma ya zama "h" a Latin, ya zama "g" a dangin Jamanik: "hostis" da "guest", haka "vehere" da "wegan". Ka ga ke nan "vehicle" da "weigh" ba sa kama a kunne ko kaɗan, amma ƙa'ida ta tabbatar da su. Akwai ƙa'ida ta biyu a cikin Ingilishi kansa: "g" da ke bayan wasali irin "e" ya narke ya koma "y", shi ya sa "weg" ta zama "way", "dæg" ta zama "day", alhali Jamusanci na nan da "Weg" da "Tag".

Juya misalin kuma. "Wait" da "weight" furucinsu ɗaya sak a yau, amma ba su haɗa kaka ba. "Wait" ta shigo ne ta Faransancin Normandawa, asalinta tsaro da sa ido, 'yar uwar "watch" da "wake". In kalmomi biyu na harshe ɗaya masu furuci ɗaya za su iya zama baƙin juna, ina ga na harsunan da sahara da teku suka raba?

TAMBAYA: Ranka ya daɗe, ina sayar da hatsi, na sayi sikelin lantarki da aka shigo da shi daga Turai. Wani ya ce sai an sake saita shi a nan. Kilo ba kilo ba ne a ko'ina?
Daga wani ɗan kasuwa, Kano.

AMSA: Alhaji, kilo kilo ne, amma wanda ya gaya maka ya yi gaskiya. Sikelin lantarki da mai sifirin ba kilo suke ji ba, dannawar kaya suke ji, sannan su fassara ta zuwa kilo bisa jan ƙasar inda aka saita su. Jan ƙasa kuma ba ɗaya ba ne ko'ina. A tsakiyar duniya, wato layin da ya raba ta arewa da kudu, kimanin 9.78 ne, a ƙuryar arewa da ta kudu 9.83. Dalilai biyu ne: juyawar duniya tana rage jan a tsakiya, kuma duniya ta ɗan kumbura a can da kusan kilomita 21, sai mutum ya fi nisa da cibiyarta. An daɗe da gano haka. A 1672 Bafaranshe Jean Richer ya kai agogo mai lilo daga Faris zuwa Kayen a Kudancin Amurka, ya tarar yana jinkiri da kusan minti biyu da rabi kullum.

A Landan jan ya kai wajen 9.812, a Kano wajen 9.781. Sikelin da aka saita a Landan, in ba a taɓa shi ba, zai nuna buhun kilo 50 da ragin kimanin giram 150. A buhu ɗaya ba a gani, a tan 30 kuwa ya haura kilo 90, kuma kai mai sayarwa ne ke asara, don sai ka ƙara hatsi kafin lambar ta cika.

Gyaran ba wuya. Ɗora sikelin a daɓe mai ƙarfi, ka daidaita ƙafafunsa har kumfar da ke ɗan gilashinsa ta tsaya tsakiya, in yana da ita. Kunna shi ka bar shi ya ɗan jima kafin ka fara. Mayar da shi sifili babu komai a kai, ka shiga wurin saiti kamar yadda takardarsa ta nuna, ka ɗora dutsen awo na ƙarfe wanda aka tabbatar da kilonsa, gwargwadon abin da na'urar ta nema. Bayan haka ka gwada dutsen a tsakiya da kusurwoyi huɗu. In karatun ya bambanta, ko daɓen ya karkace ko wani abu ya tokare farantin daga ƙasa. Kada a saita da buhun siminti ko jarkar ruwa don an ce kilonsu kaza ne. Batirin da ya yi sanyi da zafin rana kai tsaye su ma suna karkatar da karatu. In sikelin na ciniki ne mai hatimin hukumar awo, ma'aikatanta ko wanda suka amince da shi ne za su buɗe shi.

Ma'auni mai kwano biyu ba ruwansa da wannan duka, don jan ƙasa ɗaya ne ke kan kayan da kan dutsen awon. Sunan ma daga kwanon ya fito: "sikeli" daga "scale" ta Ingilishi muka aro, ita kuma daga "skál" ta tsohon harshen Sikandinebiya, wato kwano ko ƙwarya.

TAMBAYA: Akwai wasu kalmomin fiziks masu irin wannan asali?
Daga wata malama, Yamai.

AMSA: Akwai, Malama, kuma galibi gajeru ne, na abin da jiki ke ji: "heat", "light", "work", "speed", "spin", "field". Waɗanda masana suka shigo da su daga littafi sun fi zuwa daga Latin da Girkanci, irin su "gravity", daga "gravis", mai nauyi, da "velocity" da "momentum". Wani lokaci saiwa ɗaya takan shigo ta ƙofa biyu: "work", wadda a tsohon Ingilishi take "weorc", a Jamusanci "Werk", 'yar uwar "ergon" ce ta Girkanci, wadda ke cikin "energy". Waɗanda aka aro da gaske daga Jamusancin zamani daban suke, kuma siffarsu kan tona su: "bremsstrahlung", hasken da ƙwayar lantarki ke fitarwa in an taka mata birki, da "eigen" da ke goshin "eigenvalue", mai nufin na kansa. Su a ƙarni na 20 suka shiga Ingilishi, lokacin da jami'o'in Jamus ke kan gaba a fiziks da lissafi.